Karen Farauta da Gidan Tarihi: Waiwaye daga Argungu

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tashi daga unguwar Badariya ta Birnin Kabi da hantsi, ya bi hanyar Ambursa, kafin azahar ya isa Argungu har ya gama zagaya Gidan Tarihi na Kanta, domin tafiyar ba ta wuce ta sa'a guda a mota ba. Idan da rani ne, bayan an kau da amfanin gona, ba abin mamaki ba ne ya ci karo da ayarin mafarauta a hanya, gorori a kafaɗa, karnuka kuma ɗaure da igiya suna biye. Da yawa daga cikin karnukan nan dogaye ne, masu shafaffen ciki da siraran ƙafafu, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton karen tseren Turai zai lura da kamannin da ke tsakaninsu. Amma kuwa makomarsu ta sha bamban ƙwarai. Na Turai ya bar daji tun tuni ya koma fagen tsere, aka rubuta asalinsa, aka zuba dukiya a kansa, har aka gina masa gidan tarihi. Na ƙasar Hausa yana nan inda kakanninsa suke, watau a bayan zomo.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wannan bambanci. Za a fara da Gidan Kanta da irin labarin da yake bayarwa, sa'an nan a duba yadda farauta da kare ta rikiɗe ta zama tsere a Ingila da Amurka, a dawo kan karen farauta a ƙasar Hausa da dalilan da suka hana shi bin wannan tafarki. Abin da ake son nunawa shi ne, daɗewar abu ko amfaninsa ba su isa su shigar da shi gidan tarihi ba, sai ya sami majiɓinci da rubutu.

2.0 Gidan Kanta da Labarin da Yake Bayarwa

Gidan ya ci sunan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Sanwai ta Askiya Muhammadu a wajajen 1516, ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Daga Surame sarauta ta koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18, ta zauna can har 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Daga baya Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi sansani a Argungu.

Bayanin da aka saba bayarwa yakan danganta ginin da shekarar 1831, ya kuma danganta shi da Sarkin Kabi Yakubu Nabame. Ya kamata mai nazari ya yi hattara a nan, domin 1831 ita ce shekarar da aka kashe mahaifinsa Sama'ila Karari, shi kuwa Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, sai a 1849 ya ɗaga tutar tawaye ya maido da sarautar Kabi a Argungu. Ko ma yaya ne, gidan ya kasance fadar sarakunan Kabi har 1942 da aka koma sabuwar fada, aka kuma buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yuli, 1958. Ke nan yana cikin tsofaffin gidajen tarihi na Arewa, shekara shida kacal bayan na Jos wanda aka buɗe a 1952.

An kasa gidan sashe goma sha ɗaya. Mai ziyara zai ga masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya, zai ga layu da gangunan fada da kayan su, sa'an nan a cikin gidan ne kaburburan sarakuna suke. Duk wanda ya san tarihin ƙarni na 19, yadda Kabawa suka yi fiye da shekara hamsin suna kare kansu daga Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun zaman lafiya da aka sani da Lafiyar Toga, ba zai yi mamakin yawan makamai ba. Labarin gidan na fada ne da fagen fama da gulbi.

Sai dai kwari da baka da mashi ba kayan yaƙi kaɗai ba ne. Suna tuna wa mai ziyara cewa akwai wani fage, watau daji, wanda shi ma yake da nasa sarakuna da dokoki da kiɗa. Maharbi yakan mutu ya bar baka a rataye ta a bango. Kare kuwa ba ya barin komai, sai igiyar da za a ɗaura wa wani. A faɗin ƙasar Hausa babu gidan tarihi da aka keɓe domin kare, kuma mafi yawan Hausawa dariya za su yi in aka kawo maganar. Domin a gane yadda wasu al'ummu suka kai ga gina irinsa, sai an leƙa ƙetaren teku.

3.0 Daga Daji zuwa Fagen Tsere

A garin Abilin na jihar Kansas ta Amurka akwai gidan tarihi mai suna Greyhound Hall of Fame, wanda aka buɗe a 1973. Greyhound shi ne sunan da Turawan Ingila ke kiran dogon karen nan mai farauta da ido, wanda gudunsa kan kai wajen kilomita 70 a sa'a. A gidan ana nuna kofuna da hotuna da tarihin zakarun karnuka, kuma an san shi da ajiye karnukan da suka bar tsere su riƙa tarbar baƙi. Tarihin da gidan yake tattarawa ya bi matakai uku.

Mataki na farko shi ne na farauta don nishaɗi. Tun ƙarni na 2 na Miladiyya marubucin Girkanci Ariyan ya yi littafi kan sakin karnuka a bayan zomo, inda ya nuna cewa abin da ma'abota wannan wasa ke nema shi ne kallon gudu, har sukan yi murna in zomo ya tsira. A Ingila wannan ya zama wasan masu ƙasa da sarauta, kuma a zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya aka tsara masa dokoki a rubuce.

Mataki na biyu shi ne na ƙungiya da gasa. A 1776 aka kafa ƙungiyar farko ta wannan wasa a garin Suwafam. A 1836 aka fara gasar Kofin Watalu a kusa da Libaful, inda ake sakin karnuka biyu-biyu a bayan zomo, alƙali a kan doki yana ba da maki gwargwadon gudu da iya juya zomo. A 1858 aka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, a 1882 kuma aka fara littafin da ake rubuta asalin kowane kare, uwa da uba da kakanni. Wani kare daga Ailan mai suna Master McGrath ya ci kofin sau uku, a 1868 da 1869 da 1871, har aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya.

Mataki na uku shi ne na zomon ƙarfe. Matsalar zomo mai rai ita ce ba ya bin hanyar da 'yan kallo ke so, don haka ba a iya tara dubban mutane wuri ɗaya a karɓi kuɗinsu. Wani Ba'amurke, Owen Patrick Smith, shi ya warware wannan da ƙirƙiro zomon roƙo mai gudu a kan dogo, aka buɗe filin farko a Emeribil ta Kalifoniya a 1919. Ranar 24 ga Yuli, 1926 aka yi tseren farko na irin wannan a Ingila, a filin Bel Biyu na Mancesta, a gaban mutane kamar 1,700. Kafin shekara ta zagayo an buɗe filaye a Landan da Ailan da Ostareliya. Abin da ya ja jama'a kuwa a fili yake: filayen na cikin gari, ana yi da dare bayan an tashi daga aiki, kuma leburan da bai iya zuwa sukuwar dawaki yana iya zuba ɗan abin da yake da shi a caca. Zakaran wannan zamani, Mick the Miller, ya ci babbar gasar Ingila a 1929 da 1930. Da ya mutu a 1939 aka cusa fatarsa aka adana, yana nan a gidan tarihin halittu na garin Tirin.

Abin lura shi ne, kowane mataki ya bar takarda a bayansa: dokoki, sunaye, asali, lokacin da kowane kare ya ɗauka, da adadin kuɗin da aka ci. Da waɗannan takardu da kofuna aka cika gidan tarihi. Wani abin lura kuma, gidan tarihin ya fi wasan tsawon rai a wurare da dama. Afirka ta Kudu ta hana tseren tun 1949. Dokar farauta ta 2004 ta kawo ƙarshen Kofin Watalu, aka yi na ƙarshe a 2005. A 2018 jama'ar jihar Fulorida suka kaɗa ƙuri'ar hana wasan, saboda koke-koke kan karairayar karnuka da yadda ake yi da waɗanda suka daina ci, filin Bel Biyu ya rufe a 2020, kuma zuwa 2023 filaye biyu kacal suka rage a Amurka, duka a jihar Bajiniya ta Yamma.

4.0 Karen Farauta a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Kare mai farauta da ido ba baƙo ba ne a wannan yanki. Zane-zanen da ke jikin duwatsun Sahara, irin na Tasili, sun nuna mutane na farauta da karnuka dubban shekaru da suka wuce. A kwarin Azawak, tsakanin Mali da Nijar, Buzaye da maƙwabtansu suna da dogon kare siriri da suke kira oska, mai kamun barewa da zomo da gadin zango. Shi wannan kwari shi ne ya gangaro kudu ya zama Dallol Boso, kuma tsakaninsa da ƙasar Kabi akwai Dallol Mawri, ƙasar Arawa, waɗanda wani sashe nasu yake cikin masarautar Argungu. Hanyoyin da gishiri da dabbobi suka bi tsakanin Azbin da Kabi, su karnuka ma suka bi tare da makiyaya da fatake. A farkon shekarun 1970 aka fara kai karen Azawak Turai, ta Yugoslabiya da Faransa, aka buɗe masa littafin asali, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Watau dai karen Sahel ya shiga takarda, amma a hannun wasu, da harshen wasu.

Hausawa sun bambanta harbi da farauta. Maharbi mai sana'a ne, yakan shiga daji shi kaɗai ko da ɗan rakiya, da baka ko bindiga, yana neman manyan namun daji, kuma shi ake dangantawa da sanin itatuwa da asiran dawa. Shugabansu shi ne Sarkin Baka. Farauta kuwa aikin gayya ce ta rani. Akan sa rana, a sanar da garuruwa, makaɗa su yi ta kiɗan gangi, a haɗu a bakin daji ƙarƙashin Sarkin Dawa ko wani babba, sa'an nan a jeru a kutsa. Makamanta gora da sanda da barandami da adda, amma ƙashin bayanta kare ne. Mutane su ke tayar da nama da ihu da dukan ciyawa, kare ya bi. Abin da ake samu shi ne zomo da gada da barewa da dila da gafiya da damo da zabin daji.

A nan akwai gasa, ko da yake ba a kira ta da wannan suna ba. In zomo ya tashi karnuka da yawa ke bin sa, kuma idon kowa na kan wanda zai riga. Mai karen da ya yi kamu yakan yi kirari, a san shi a garuruwa, a riƙa neman 'ya'yan karyarsa. Sau da yawa kuma gardama kan tashi a kan wanda ya fara bugu ko karen da ya fara kamu, har a kai ga zare wuƙaƙe, wanda shi ne dalilin da ya sa farauta da tauri suke tafiya tare, makaɗa irin su Kassu Zurmi kuma suka shahara a tsakanin mutanen biyu. Mafarauci yana da iliminsa na zaɓen kwikwiyo, da na horo, da na abin da zai ba kare ya ci kafin fita, da magungunan da yake ganin suna ƙara masa zafi. Duk wannan a ka yake, daga uba zuwa ɗa.

Harshe ya adana matsayin kare iri biyu. A gefe guda ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, wanda yabo ne ga gwaninta da dacewa da zamani. A ɗaya gefen, in an kira mutum karen farautar wani, an zage shi ke nan, an ce ba shi da ra'ayin kansa sai inda aka tura shi. Wanda ya yi asara gaba da baya akan ce ya tashi ba kare bin damo. Wanda ya sami sarari yana abin da ya ga dama, an ce yana cin karensa ba babbaka. A zamanin maguzanci ma kare na da wani matsayi dabam, domin Tarihin Kano ya ambaci baƙin kare cikin abubuwan da ake kai wa Tsumburbura a zamanin Barbushe. Bahaushe dai ya san amfanin kare sarai, amma bai taɓa ɗaukarsa abin ado ko abin alfahari a bainar jama'a ba.

5.0 Dalilan da Suka Hana Tsere

5.1 Fikihu

Littafin fikihun da ya fi yaɗuwa a makarantun zaure na ƙasar Hausa, bayan ƙananan littattafan farko, shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Mazhabar Malikiyya ba ta tsananta wa kare kamar yadda jama'a suke zato ba, domin a wurinta kare mai rai ba najasa ba ne, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabba ta kamo. Risala ta tabbatar da haka, muddin mai karen ne ya sake shi. Amma ta gindaya iyakoki uku da suka shafi wannan bincike. Na farko, ba a ajiye kare sai don gadin gona, ko rakiyar dabbobi, ko farautar da mutum ke ci da ita, ban da ta wasa. Na biyu, farauta don nishaɗi makaruhi ce. Na uku, an hana cinikin karnuka, malamai kuma sun yi saɓani a kan cinikin wanda aka yarda a ajiye.

Game da tsere kuwa, Risala da Muhtasar na Halil duka sun taƙaita gasar da ake sa lada a kanta ga dawaki da raƙuma da harbin kibiya, watau abubuwan da ke da amfani a yaƙi. Halil ya yarda da gasa a wasu abubuwan in babu kuɗi a ciki. Caca kuwa haramun ce kai tsaye. In aka jera waɗannan hukunce-hukunce kusa da tarihin da aka kawo a sashe na 3.0, za a ga kowane mataki da Turawa suka taka an rufe ƙofarsa: farauta don kallo, kasuwar 'ya'yan karnuka masu asali, da caca. Wannan ba ya nufin kowane mafarauci ya karanta Risala. Abin da yake nufi shi ne, malami da alƙali da sarki, waɗanda alƙalami da dukiya ke hannunsu, ba su da hanyar da za su ɗaure wa wasan kare gindi ba tare da zubar da girma ba.

5.2 Doki

Fikihu kaɗai bai isa bayani ba. Larabawa ma Musulmi ne, amma sun girmama karensu saluki, mawaƙa irin su Abu Nuwas suka yi masa waƙoƙin farauta, kuma a wannan zamani ana tseren saluki a bukukuwan gargajiya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bambancin shi ne, a can sarakuna da kansu suna farauta da kare da shaho. A ƙasar Hausa dabbar sarauta doki ce. Shi ake wa ado da jalala da lifidi, shi ake kyauta da shi, shi ke da Shamaki da bayin da ke kula da shi, kuma da shi aka yi yaƙe-yaƙen da makamansu ke Gidan Kanta. Da Turawa suka zo, sha'awarsu da ta sarakuna ta haɗu a kan doki. Aka yi filayen sukuwa a Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuma ya rungumi wasan folo har Katsina ta yi suna da shi. A daidai shekarun da tseren karnuka ke mamaye biranen Ingila, a Arewa babu wani mai iko da yake da dalilin kawo shi.

5.3 Darasi daga Matan Fada

Argungu kanta ta ba da misalin yadda sana'a ke zama gasa a ƙasar Hausa. Su tsohuwar sana'ar Kabawa ce, da al'adunta irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, da shugabanninta irin su Sarkin Ruwa da Homa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta zama alamar binne tsohuwar gaba, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin ya samo asali, ya bunƙasa har aka haɗa da tseren jirage da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abubuwa huɗu suka haɗu a nan. Akwai majiɓinci, watau sarki, daga baya kuma gwamnati. Akwai tsayayyen fage, watau Matan Fada, inda kifi ba shi da wurin gudu. Akwai ma'auni da ba a gardama da shi, domin sikeli ke nuna giwan ruwan da ya fi nauyi. Akwai kuma gaɓar da 'yan kallo za su tsaya. Farauta ba ta da ko ɗaya daga cikin huɗun. Fagenta yana tafiya da zomo, ma'auninta ƙarfin damtse ne, mai kallonta sai ya bi ta da ƙafa cikin ƙaya, kuma mutanenta talakawa ne. Abin da zomon ƙarfe ya yi wa kare a Mancesta a 1926, shi gulbi ya yi wa koma da gora a Argungu a 1934 ba tare da na'ura ba. Saboda haka masunci ya sami hoto a jarida da suna a takarda, mafarauci kuwa bai samu ba.

6.0 Abin da ke Salwanta

Da a ce farauta tana nan yadda take, da rashin rubuta tarihinta bai zama abin damuwa ba. Amma daji na ƙarewa. Dokokin kare namun daji, tun daga na Turawa har zuwa dokar Jihar Arewa ta 1963, sun taƙaita abin da za a kashe da inda za a shiga. Farin 1972 zuwa 1974 da na farkon shekarun 1980 sun rage nama ƙwarai. Gonaki sun cinye saura, garuruwa kuma sun cinye gonaki. Birnin Kabi kanta, tun da ta zama hedkwatar jiha a 1991, unguwanni irin su Badariya suka yi ta faɗaɗa. Rashin tsaro ya rufe dazuzzuka da dama na Zamfara da Sakkwato da Kabi. Mafarauta yanzu sukan yi hayar mota su yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci da karnukansu, kuma kisan mafarauta 16 'yan Kano a garin Uromi na Jihar Edo a watan Maris na 2025 ya nuna irin hatsarin da ke cikin wannan tafiya. Wasu kuma sun koma aikin sa-kai na tsaro, kamar yadda maharban Adamawa suka yi a 2014 wajen korar Boko Haram daga yankin Mubi. Sunan sana'ar na nan, amma abin da ke cikinta yana canzawa.

Abin da ke cikin haɗarin ɓacewa shi ne ilimin da ba a taɓa rubutawa ba: kalmomin da ake bambanta karnuka da su ta launi da ƙira, sunayen da ake raɗa musu, waɗanda wasunsu habaici ne ga maƙwabci ko abokin gaba, kirarin mafarauta, dokokin rabon nama, kiɗan da ke nuna an tashi ko an dawo, da sunayen dazuzzukan da yanzu suka zama gonaki ko unguwanni. Wannan aiki ne na masu nazarin harshe da al'ada tun kafin ya zama na ma'aikatan gidan tarihi. Ba ya bukatar gini. Yana bukatar na'urar ɗaukar magana da ta hoto, da ɗaliban da za su zauna da tsofaffin mafarauta a Arewa da Dandi da Augi da Gwandu. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya daɗe da nuna cewa gidan tarihi na iya haɗa kayan da aka rataye da masu sana'a da dabbobi masu rai. Ɗaki ɗaya na daji a Gidan Kanta, da gora da gangi da igiya da muryoyin masu su, zai cike gurbin da ke tsakanin fada da gulbi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda karen Turai ya bi matakai uku daga daji zuwa fagen tsere, kowane mataki yana barin takarda, har takardun suka taru suka zama gidan tarihi a daidai lokacin da wasan ya kama hanyar mutuwa. An ga kuma yadda fikihu da martabar doki da yanayin farauta kanta suka tsare karen Hausa a matsayin abokin neman abinci. Ba za a ce ya yi asara da rashin shiga fagen caca ba, in aka dubi abin da ya sami ɗan'uwansa a can. Asarar tana wajen tarihi, domin rayuwar dubban talakawan da suka ci da iyalinsu da taimakon wannan dabba ba ta bar alama a takarda ko a bango ba. Gidan Kanta ya adana takobin sarki da komar masunci. Mutanen da suka san sauran labarin suna nan da ransu a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kabi da Argungu, kuma mafi yawansu sun manyanta.